Katin girafik a kwamfutar Beljiyam: mai shan wuta daga bod, ko wanda zai sa ka canza fawa-fak?

Yawancin kwamfutocin tebur da ake buga gem da su a Bauchi, daga ɗakunan ɗalibai na Yelwa da Gwallameji har gidajen gem na cikin gari, ba don gem aka ƙera su ba. 'Yan Beljiyam ne da suka gama bautar ofis a Turai ko Amurka: Dell OptiPlex, HP EliteDesk da ProDesk, Lenovo ThinkCentre. Furosesansu ba laifi, bod ɗinsu, wato babban allon da komai ke maƙale a kai, na da ƙarko, amma hoton daga cikin furosesa yake fitowa, wato Intel HD, wanda ko ƙwallo ka buɗe sai ka ga 'yan wasa na ɗingishi. Maganin abin katin girafik ne, wato allon da ake ƙara wa kwamfuta don ya riƙa zana hoto. Sai dai tambayar da kowa ke fara yi, wane kati ne ya fi ƙarfi a kuɗina, ita ce ta uku a layi. Fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, shi ke gaba, girman kesin na bi masa. Su biyun ke yanke hukunci, kai kuma ka zaɓa cikin abin da suka bar maka.

Don haka kafin ka kira kowa a titin Beirut na Kano ko Computer Village ta Ikeja, cire kwamfutar daga wuta, ka buɗe murfin gefe, ka haska takardar da ke manne a jikin fawa-fak. Adadin wat ɗin na rubuce. OptiPlex 7010 da 9010 masu doguwar kesin suna zuwa da wat 275, 7020 da 9020 da wat 290, 7040 da 7050 kuwa sun sauko 240. EliteDesk 800 G1 doguwa wat 320 ce, siririyarta 240. Siraran da suka biyo baya ma sun fi ƙanƙanta, akwai masu 200, akwai masu 180. Daga nan ka bi wayoyin da suka fito daga fawa-fak ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka nemi baƙin filogi mai huji shida ko takwas da ke lilo ba a cusa shi ko'ina ba. A kwamfutar ofis da wuya ka same shi. Lissafin a nan ba ya canzawa: dogon ramin da ake cusa kati a bod, PCIe x16, iyakarsa wat 75, filogi mai huji shida yana ƙara 75, mai huji takwas yana ƙara 150. Katin da ke neman fiye da 75 ba shi da inda zai sha sai ta filogi.

In kwamfutarka 'yar mitsilar nan ce da ake maƙalawa a bayan monita, wadda Dell ke kira Micro, Lenovo ke kira Tiny, to galibi babu ramin kati irin wannan a cikinta. Maganarta ta ƙare a nan.

Hanya ta farko: katin da bod ke ciyarwa

Wannan ita ce hanyar da ba a taɓa fawa-fak. A cusa kati, a ɗaure, a sa direba, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da katin. Katunan da suka cancanci a yi magana a kansu huɗu ne, amma bari mu fara share waɗanda ke cin kuɗin mutane a banza. GT 710 da GT 730 na ƙara monita ne, ba na gem ba, ko da an rubuta 4GB ɓaro-ɓaro a kwalin. Yawan gigabait ba shi ne ƙarfin kati ba, kamar yadda girman tanki ba ya sa mota gudu. GT 1030 tana jan tsofaffin gem da ƙyar, kuma iri biyu ce da suna ɗaya: mai GDDR5 da mai DDR4. Ta biyun kusan rabin ƙarfin ta farko gare ta, a kuma sayar da su kuɗi ɗaya ga wanda bai duba ba.

GTX 1050 Ti, ta 2016, wat 75, 4GB. Ita ce mafi ƙanƙantar katin da kamfanin EA ya rubuta a sharaɗin gem ɗinsa na ƙwallo, FC 24 da FC 25, tare da RX 570. Ma'ana tana buɗe ƙwallon, amma a bakin ƙofa take tsaye. GTA V da eFootball da Valorant tana jan su lafiya a 1080p. Matsalarta shekaru: Nvidia ta rufe sababbin direbobin gem na zuriyar GTX 10 a ƙarshen 2025, sai na toshe kafar tsaro kawai. A yau ba mu ga dalilin sayenta ba sai in an sakar maka ita da arha sosai. Ita ce kuma aka fi yi wa jabu, za mu dawo kan wannan.

GTX 1650, ta 2019, ita ma wat 75 da 4GB, ta ɗara 1050 Ti da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma har yanzu ana fitar mata da direba. Ita ce dokin aiki na wannan aji. Amma ka kula, ba kowace 1650 ce ba ta buƙatar filogi. Akwai masu fanka biyu da aka yi wa gurbin huji shida a saman gefensu, in ba a cusa masa waya ba ba za ta kawo hoto ba. Kar ka yarda da suna. Ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton saman katin da ƙarshensa, ka gani da idonka babu gurbin. GTX 1650 Super kuma wata aba ce daban, wat 100 take ci, ba ta cikin wannan aji.

RX 6400 ta AMD, ta 2022, a takarda ta fi kowa dacewa: wat 53 kacal, kuma akwai ta siririya mai cin gurbi ɗaya. Gyambonta shi ne layi huɗu kawai take magana da bod ta kansu. A bod mai PCIe 4.0 layi huɗun sun ishe ta, tana kafaɗa da kafaɗa da 1650. Amma a ɓangaren Intel sai daga furosesa zuriya ta 11 aka fara 4.0, duk 'yan Beljiyam ɗin da muka ambata 3.0 ne ko ƙasa. A kansu faɗin hanyar ya ragu da rabi, da gem ya cika 4GB ɗin katin sai ka ga hoto na sarƙewa. Ba ta kuma da sashen naɗar bidiyo, saboda haka mai son ɗaukar wasansa ya ɗora a TikTok ko YouTube furosesa zai ɗora wa nauyin. Wuri ɗaya ne take cin gasar: siririyar OptiPlex. A 7020, 9020, 7040 da 7050 sirara, ramin x16 yana manne da fawa-fak, kati mai kaurin gurbi biyu ba ya zama, sai ya tokare. A nan 6400 mai gurbi ɗaya ce ke shiga salin-alin.

RTX 3050 mai 6GB, ta farkon 2024, wat 70, ba filogi. Cikin katunan gem da bod kaɗai ke ciyarwa, ita ce a sama. Ta ɗara 1650 da tazara mai kyau, tana dab da GTX 1660, ƙarin 2GB ɗin na rage sarƙewa a sababbin gem, kuma tana da DLSS, dabarar da kati ke zana hoto ƙarami ya faɗaɗa shi don a samu ƙarin firem. Sunan ne tarko: akwai RTX 3050 mai 8GB, wadda ke cin wat 130 kuma dole sai da filogi. Ga mai kwamfutar ofis, mai 6GB ce tasa, mai 8GB ba ta yi masa ba duk da ta fi ƙarfi.

Katunan Intel Arc, A310 da A380, wutarsu kaɗan ce kuma kuɗinsu da sauƙi, amma suna dogara da wani saiti na BIOS, wato manhajar cikin bod, mai suna Resizable BAR wanda tsofaffin bod ba su da shi. Babu shi, ƙarfinsu ya zube. A bar su.

Ga mai siririyar kesin, ban da kauri akwai tsayi. Dole katin ya zama gajere, kuma gajeren ƙarfen bayansa ya zo tare da shi. Katunan hannu da yawa suna isowa da dogon ƙarfe kawai, gajeren ya ɓata tun a can. Ka tambaya kafin ka tura kuɗi, domin neman ƙarfen shi kaɗai a Bauchi wahala ce, kuma katin da aka bari ba ɗauri, nauyin wayar monita kaɗai kan ɗaga shi daga raminsa.

Hanya ta biyu: sabon fawa-fak da babban kati

Ga mai doguwar kesin ne kawai wannan, kuma ba kowace doguwa ba. A nan ne kamfanonin suka sha bamban, har tsakanin 'ya'yan gida ɗaya. OptiPlex 7010 da 9010 dogaye suna amfani da filogin bod na kowa da kowa mai huji 24, fawa-fak na kasuwa yana shiga kai tsaye. 7020 da 9020 gurbin fawa-fak ɗinsu daidai yake da na kasuwa, amma filogin bod ɗin mai huji takwas ne na Dell, sai da wayar juyi daga 24 zuwa 8. Daga 7040 zuwa sama siffar fawa-fak ɗin kanta ta canza, dogo ne siriri, na kasuwa ba shi da wurin zama. HP na da nata filogin mai huji shida, Lenovo M93p mai 14, M900 mai 10. Wayoyin juyin akwai su, sai dai na Dell da HP ba waya ce zalla ba: bod ɗinsu na jiran bolt 12 ko kwamfuta na kashe, fawa-fak na kasuwa kuwa bolt 5 yake bayarwa a wannan layin, don haka akwai ɗan ƙaramin allo a naɗe cikin wayar da ke ɗaga wutar. In ka ga wayar juyi ba kumburin nan a jikinta, ko an ce ta dace da kowace Dell da kowace HP, ajiye ta. Ka nemi wadda aka rubuta lambar kwamfutarka a kanta.

Abin da ba za a yi ba, ko wa ya ba da shawara, shi ne ɗauko wuta daga filogin hadis, wato SATA, da wayar juyi zuwa huji shida ko takwas. Filogin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka a layin bolt 12. Kati mai neman 75 ko 150 ta wannan ƙofa zai yi aiki kwana biyu, wata rana ana tsakiyar wasa ka ji ƙaurin roba. Sa'a ita ce filogin kaɗai ya narke.

Fawa-fak ɗin da za ka saya ya zama wat 450 zuwa 550 daga kamfanin da aka sani, Corsair, Seasonic, EVGA, Cooler Master, mai filogin kati huji takwas na kansa. Ka duba takardar jikinsa layin +12V: ka ninka ampiya da 12, abin da ya fito shi ne wutar gaskiya. In an rubuta wat 500 a kwali amma layin ya nuna 18A, to 216 ke hannunka. Ka kuma ɗaga shi ka ji. Mai kyau yana da nauyi, na bogi kamar gwangwanin madara da aka shanye.

Katunan wannan aji da ke yawo a kasuwarmu su ne RX 580, GTX 1060, GTX 1660 Super da RX 6600. RX 580 mai 8GB ita ce ta fi jan ido saboda arharta, ita ce kuma muka fi jan kunne a kanta. Ta 2017 ce, wat 185 take sha, kuma da yawansu sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ta daina haƙa da kati a Satumban 2022 a zubo su kasuwa. Akwai kuma wadda ake kira RX 580 2048SP, a zahiri RX 570 ce da aka sauya wa suna. GTX 1060 wat 120 ce, mai 6GB ta fi mai 3GB ba a gigabait kaɗai ba har a ƙwayoyin aiki, 1280 da 1152, amma ita ma zuriyar da aka rufe wa direba ce. GTX 1660 Super, ta 2019, wat 125, 6GB, ta fi RX 580 gudu da ƙarancin wuta wat 60. EA ma GTX 1660 ta ba da shawara ga FC 25. RX 6600, ta 2021, wat 132, 8GB, kusan ninkin 1650 ce, kuma tana buɗe sababbin gem irin Doom: The Dark Ages na 2025 da suka ƙi duk katin da ba ya lissafin haske, abin da GTX ko ɗaya ba ta yi. In aljihu ya kai, 6600. In bai kai ba, 1660 Super. RX 580 sai in babu yadda za a yi.

Ka auna tsawon wurin da tef kafin saye, daga ƙarfen baya zuwa kejin hadis. A dogayen OptiPlex kati mai fanka uku ba ya shiga, mai biyu ma wani sai an cire keji ko an lanƙwasa wayoyin SATA da ke bayan ramin. Mai fanka ɗaya ko gajeren mai biyu ya fi kwanciyar hankali.

Wuta da zafin garinmu

Masu sharhi a Turai ba sa sa wannan a lissafi, mu kuwa shi ne rabin maganar. Kwamfuta mai i5 da GTX 1650 tare da monita tana cin wajen wat 180 zuwa 200 a tsakiyar gem. Ka sa mata RX 580, ta haura 300. Batirin inbata mai bolt 12 da 200Ah, in na ruwa ne da ba a son a sha fiye da rabinsa, wat-awa 1,200 yake ba ka. Da kati na farko wajen awa biyar ke nan bayan an cire asarar inbata, da na biyu uku da ɗan abu. Mai gidan gem ya yi nasa lissafin: bambancin wat 120 a kwamfuta biyar, awa goma a rana, kwana talatin, yunit 180 ne a mita kowane wata, ko man janareta daidai da haka. Arhar RX 580 a nan take komawa. Ƙaramin UPS mai 650VA kuma bai wuce wat 360 zuwa 390 ba. Da babban kati, Nefa na ɗaukewa zai iya yin ƙara ɗaya ya mutu tare da kwamfutar. A sa sitabilaiza a gaba ko wane kati aka zaɓa, musamman a unguwar da wuta ke zuwa rabi-rabi.

Sai zafi. A Maris da Afrilu, lokacin da Bauchi ke taɓa digiri 40, kesin ofis mai fanka ɗaya a baya ba ta iya fitar da zafin wat 185. Katunan Nvidia kan fara rage gudu da kansu a wajen digiri 83, sai ka ga wasa ya fara lafiya, bayan minti ashirin ya koma jan ƙafa. Kati mai wat 70 bai cika kaiwa nan ba. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Duk wata biyu a hure da bulowa, amma a danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Kada a ajiye kwamfutar a ƙasa kan kafet.

Furosesa na iya hana kati sakewa

Babban kati a kan ƙaramin furosesa, an ɗaura wa jaki sirdin doki ne. i5-3470, i5-4590, i5-6500 da i5-7500 duk ƙwaya huɗu ne. Sun dace da 1650 ko 3050, amma RX 6600 za ta riƙa jiran su a gem masu cunkoso irin Warzone. i7-4790 ko i7-6700 sun fi riƙe ta, i5-8500 mai ƙwaya shida ya fi su duka dacewa, kuma daga zuriya ta 8 ne Windows 11 ke karɓar kwamfuta a hukumance, ga shi Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Zuriya ta 2 da ta 3 ba su da umarnin AVX2 da wasu sababbin gem ke nema, irin waɗannan ba sa ma buɗewa ko wane kati ka sa. Tsofaffi irin OptiPlex 790 da 990 kuma BIOS ɗinsu kan ƙi sababbin katuna, fanka na juyawa allo baƙi. Wanda ke da irin waɗannan, kada ya wuce 1650 ta hannu. Kuɗin fawa-fak da wayar juyi da babban kati gara ya haɗa da na sayar da tsohuwar ya ɗauko mai zuriya ta 8. RAM kuma ya zama sanda biyu masu girma ɗaya, 8GB biyu, ba 16GB guda ba, domin biyun ke buɗe hanya biyu zuwa furosesa.

Gwaji kafin biya

Jabun GTX 1050 Ti tsohon kati ne irin GTS 450 da aka sauya wa suna a cikinsa, har Windows ta yarda. Alamar farko a ido take: shuɗin gurbin VGA a baya. Ta gaskiya ba ta zuwa da shi. Manhajar GPU-Z kuma tana rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan. In a hannu za ka saya, a sa katin a kwamfuta a gabanka, a buɗe GPU-Z, a kunna FurMark, manhajar da ke ɗora wa kati aiki mai nauyi, minti goma sha biyar. Ka sa ido kan digiri, ka saurari fanka ko tana gurnani, ka duba allo ko ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka na gilmawa, wannan ciwon ƙwaƙwalwar kati ne kuma ba ya warkewa. In aike za a yi maka a mota daga Kano ko Legas, ka nemi bidiyon wannan gwajin da lambar jikin katin a fili, da alkawarin kwanakin mayarwa a rubuce.

Wajen sawa, in akwai tsohon kati a ciki ka fara goge direbansa da manhajar DDU. Ka kashe, ka zare wayar wuta, ka danne maɓallin kunnawa daƙiƙa goma wutar da ta saura ta fita, ka taɓa ƙarfen kesin da hannu. Cire marfin gurbin baya, ɗaya ko biyu gwargwadon kaurin katin. Ka daidaita haƙoran zinaren da dogon ramin x16, galibi shuɗi ne a Dell, ka danna daidai-wa-daida har ɗan makullin ƙarshen ramin ya ce ƙyas. Ɗaure ƙarfen, cusa filogi in mai filogi ne. Wayar monita kuma ta koma jikin katin, can ƙasa, ba gurbin bod na sama da ta saba ba. Rabin masu cewa sabon kati bai ƙara komai ba a nan suka yi kuskure. In monitarka VGA kaɗai gare ta, irin masu kusurwa huɗun nan da ke zuwa tare da 'yan Beljiyam, ka sayi na'urar juyi daga HDMI ko DisplayPort zuwa VGA mai ɗan allo a ciki. Ɗan kan DVI zuwa VGA na da ba ya aiki a kan ko ɗaya daga katunan nan, domin tun daga GTX 10 da RX 400 aka cire tsohon siginar daga jikinsu. Direba kuma daga shafin Nvidia ko AMD kai tsaye, ya kan kai megabait ɗari shida zuwa sama, don haka a tanadi data kafin a kwance kwamfutar.